Kuɗin misiyo: kafin tafiya ake biya ko sai an dawo?

Ɗan_Adar:
Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikata. Ina aiki a wani ofishin gwamnati a nan Tawa, kuma a daminar da ta wuce aka tura ni Yamai da takardar misiyo, wato takardar umarnin tafiyar aiki, domin in kai rahoto, in kuma zauna wani taro. Da zan tashi aka ce babu kuɗi a ƙasa, in yi amfani da nawa, idan na dawo za a mayar mini. Na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na biya masauki da abinci, na dawo na miƙa takarduna, kuma har yau ban ji komai ba. Ina roƙon waɗanda suka san dokokin kuɗin gwamnati su fayyace mini abu biyu. Shin doka ta ce a biya ma'aikaci kafin ya tafi ne, ko kuwa sai ya dawo? Sannan akwai wa'adin da idan ya wuce haƙƙin mutum yake faɗuwa?

Mushe_Keita:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Adar, ka duba dokar aikin gwamnati mai lamba 2007-26 ta 23 ga Yulin 2007, domin a nan ne aka rubuta haƙƙoƙin ma'aikaci, kuma ina kyautata zaton za ka tarar da adadin da ya kamata a ba ka a kowace rana.

Tsohon_Kwantabul:
Mushe, ka ambaci dokar daidai, amma ba a cikinta Ɗan_Adar zai sami adadin ba. Dokar 2007 ta shimfiɗa tsarin aikin ne gaba ɗaya: yadda ake ɗaukar ma'aikaci, rukunonin A, B, C da D, ƙarin girma, horo, da haƙƙinsa na albashi da alawus. Yawan kuɗin da ake biya a kowace ranar misiyo kuwa, gwamnati ce take yanke shi ta hanyar dekire, wato takardar hukuncin da ita kanta take fitarwa, kuma na cikin gida daban yake da na ƙasashen waje. Hikimar hakan ita ce a iya sauya adadin ba tare da an taɓa babbar doka ba. Saboda haka abu na farko shi ne ka nemi mai kula da kuɗi na ofishinku ya nuna maka dekiren da suke aiki da shi, da rukunin da aka sa ka.

Game da tambayarka ta farko, ya kamata a fahimci yadda kuɗin gwamnati suke fita. Kowane kashe kuɗi yana bin matakai huɗu. Da farko a ɗaure kuɗin a cikin kasafi, wato a tabbatar akwai su a layin da ya dace, mai binciken kuɗi ya sa hannu. Na biyu a tantance cewa an yi aikin, a lissafa abin da ake bin gwamnati. Na uku mai ikon ba da umarni ya rubuta umarnin biya. Na huɗu kwantabul, wato jami'in da kuɗin gwamnati suke hannunsa, ya biya. Mai ba da umarni ba ya taɓa kuɗi, mai taɓa kuɗi kuma ba ya ba da umarni, kuma wannan rabuwa tana cikin ginshiƙan tsarin da Nijar take bi tare da sauran ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa. Ƙa'idar asali ita ce sai an yi aiki ake biya. Biyan kuɗi kafin tafiya sassauci ne da aka yi wa wannan ƙa'ida, kuma galibi yana fitowa ne daga ƙaramin asusun da ake danƙa wa wani ma'aikaci domin ƙananan buƙatu na gaggawa, wanda shi ma dole ya kawo takardun shaida daga baya. Idan asusun ya ƙare, ko kuma ofishi ba shi da shi tun asali, sai a koma ga doguwar hanya.

Hajiya_Yamai:
Baba Kwantabul, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara abu ɗaya da ma'aikatan jihohi ba su cika gani ba. Kasancewar an rubuta kuɗi a kasafin shekara ba ya nufin suna nan a hannu. Ana sakin kuɗaɗen aiki ne kashi-kashi a cikin shekara gwargwadon abin da ya shigo baitulmali, sannan a tura wa jihohi kasonsu. Dokar kasafi mai lamba 2012-09 ta 26 ga Maris 2012 ta ba ministan kuɗi ikon daidaita kashe kuɗi da shigowarsu. Don haka shugaban ofis zai iya sa hannu a takardar misiyo da zuciya ɗaya alhali layin tafiye-tafiye ya riga ya bushe. A ganina nan ne matsalar take farawa, domin bai kamata a sa hannu a takardar tafiya ba sai an tabbatar an ɗaure kuɗinta.

Bagobirin_Ƙonni:
Hajiya, idan aka bi maganarki zalla, rabin ayyukan ƙasar nan za su tsaya. Idan ƙyanda ta ɓarke a wani ƙauye, ko fari suka sauka a gonaki, babu shugaban da zai ce a jira a saki kuɗin wata uku masu zuwa. Ana tura mutum ne, a gyara takarda daga baya.

Hajiya_Yamai:
Malam, ban musa gaggawa ba, kuma saboda ita ne aka yi ƙaramin asusun da Baba ya ambata. Amma taron da aka san ranarsa tun wata guda ba gaggawa ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiyar da Ɗan_Adar ya kwatanta irin wadda ake iya shiryawa ce tun da wuri.

Ungozomar_Abalak:
Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hatimi. Takardar misiyo tana buƙatar shaidar isa da shaidar tashi daga hukumar wurin da aka je, kuma idan babu su ba a karɓar takardar. Akwai tafiyar da muka kammala aiki ranar Juma'a da la'asar a wani gari, muka je ofishin da ake buga hatimi muka tarar an tashi tun kafin sallar Juma'a, sai mai gadi kaɗai yana dafa shayi a bakin ƙofa. Ya kira sakataren a waya, sakataren ya ce hatimin yana cikin durowa, makullin durowar kuma yana hannun wanda ya tafi ƙauyensu sai Litinin. Zaɓi biyu ya rage mana: mu kwana uku a kan kuɗinmu, kwanakin da ba su cikin takarda, ko mu tafi babu hatimi. Muka tafi, muka bar takardun a hannun wani malamin asibiti, sai bayan makonni ya aiko mana da su ta hannun direban motar kasuwa. Duk wanda ya rubuta wannan sharaɗi yana da hujja, amma bai yi tunanin garin da ofishi ɗaya ne ke da hatimi ba.

Mai_Bincike:
Malama, na fahimci wahalar, sai dai wannan hatimin shi ne kusan shaida ɗaya tilo da mai bincike yake da ita cewa ƙafar mutum ta taka wurin. Duk wanda ya yi aikin binciken kuɗi ya san abin da ake kira misiyon bogi: mutum yana zaune a ofishinsa, takarda tana cewa yana Agadas. Akwai kuma wanda takardunsa za su nuna shi a garuruwa biyu a rana ɗaya, da wanda zai karɓi kuɗin masu shirya taro sannan ya dawo ya karɓi na ofishinsu a kan tafiya guda. Irin waɗannan ne suka sa kowace shekara sharuɗɗan suke ƙara tsauri, kuma mai gaskiya ne yake ɗaukar nauyin. A da hukumar HALCIA ce take karɓar ƙorafi a kan almundahana, daga Satumban 2023 kuma aka kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki da na kuɗi, ga kuma masu binciken kuɗi na ƙasa da suke duba takardun ofisoshi. Kwantabul ya san cewa idan ya biya a kan takarda maras cika, daga aljihunsa za a nemi kuɗin, shi ya sa ba ya jin roƙo.

Direban_Buza:
Ranku ya daɗe, ku yi mini haƙuri in sa baki, domin mu direbobi ba a cika tunawa da mu a wannan magana ba. Mota ɗaya muke shiga da shugaba, hanya ɗaya muke bi, ni ne ma nake riƙe da sitiyari tun daga Tawa, in bi ta Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso har Yamai, kusan kilomita 550. Idan muka isa, shi ya karɓi makullin ɗaki, ni kuma in shimfiɗa tabarma a gefen mota a harabar otel, in rataya gidan sauro daga madubin mota zuwa wata bishiya, domin abin da rukunina yake samu ba zai kama ɗaki ya bar mini na abinci ba. Ba na cewa a daidaita ni da darakta a albashi. Amma mai otel ba ya tambayar rukunin mutum kafin ya faɗi kuɗin ɗaki, kuma direban da bai yi barci ba shi ne zai tuƙa kowa gobe da asuba.

Mushe_Keita:
Malam direba ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin gardama. Na taɓa ganin haka da idona a lokacin jarrabawa, inda direbobin da suka kawo takardun tambayoyi suka kwana a farfajiyar makaranta.

Mazaunin_Liyon:
Tun da maganar rukuni ta taso, bari in kawo yadda abin yake a Faransa, inda aka kwaso yawancin tsarinmu. Dekire mai lamba 2006-781 ta 3 ga Yulin 2006 ita ce take tafiyar da kuɗin tafiyar ma'aikatan gwamnati, kuma babban abin da take dubawa shi ne garin da aka je. Daga Satumban 2023, kuɗin abinci sau ɗaya yuro 20 ne, wato wajen jaka 13 na sefa. Kuɗin kwana yuro 90 ne a yawancin garuruwa, 120 a manyan birane, 140 a Paris. A Amurka ma haka ne: hukumar GSA ta gwamnatin tarayya tana fitar da adadi kowace shekara gwargwadon gari, kuma a ranar tafiya da ranar dawowa kashi 75 cikin 100 na kuɗin abinci ake biya. Abin lura shi ne ana sake duba adadin lokaci-lokaci, ba a barinsa shekara da shekaru yayin da farashi yake hawa.

Bagobirin_Ƙonni:
Ɗan uwa, kasafin Faransa daban, namu daban. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama sefa 42,000 a farkon 2024, idan ka ce a biya kowa kuɗin kwana irin na manya, to tafiyar kwana kaɗan za ta zarce albashin wata, kuma kowa zai koma farautar misiyo. Ko maƙwabtanmu na Najeriya, da suke da kuɗin tafiya da suke kira DTA na cikin gida da estakod na waje, bisa matakin albashi suke biya, kuma a 2024 sai da gwamnatinsu ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga farkon Afrilu saboda yawan abin da ake kashewa.

Mazaunin_Liyon:
Ban ce a kwafi adadin ba, Malam. Na ce a kwafi ma'aunin. Ɗaki a Yamai da ɗaki a Illela ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma ana iya sa ƙasa ta yadda mafi ƙanƙantar rukuni zai iya kama ɗaki mai ƙofa da makulli.

Malama_Lissafi:
Ni ina ganin mafita ita ce a daina biyan dunƙulallen kuɗi, a koma biyan abin da mutum ya kashe bisa rasit, da iyakar da ba za a wuce ba. Wanda ya sauka gidan ɗan uwansa bai biya ko dala ba, don me za a ba shi kuɗin otel?

Tsohon_Kwantabul:
Ƴata, wannan shawara tana da kyau a kan takarda, amma ki tambayi Ungozoma ko akwai mai ba da rasit a hanyar Abalak zuwa Cintabaraden. Mai tuwo ba ta da rasit, mai kabu-kabu ba shi da shi, mai amalanken da ya fitar da ku daga kori ba shi da shi. Inda ake samun rasit kuma, ana samun na ƙarya a farashi mai sauƙi, sai aikin kwantabul ya koma tantance hatimin otel-otel. Dunƙulallen kuɗi yana da aibi, amma yana rage wa kowa ƙarya. Sannan wanda ya sauka gidan ɗan uwa ba kyauta ya sauka ba, domin duk wanda ya san al'adarmu ya san ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, kuma ba a fita ba a bar wa yara wani abu ba.

Malama_Lissafi:
Baba, na yarda da batun karkara. Amma tikitin bas na manyan kamfanoni da takardar gidan mai ana samunsu, kuma a kan waɗannan biyu ban ga dalilin da zai hana a biya daidai abin da aka kashe ba. Tun da aka mayar da litar isansi sefa 499 a Yulin 2024, lissafin man tafiya abu ne da kowa zai iya yi da nisan hanya.

Ungozomar_Abalak:
Lissafin nisan hanya yana aiki ne a kan kwalta. A Tiliya da Tasara, inda dokar ta-ɓaci take aiki tun 2017, tafiya tana iya buƙatar jiran rakiyar jami'an tsaro, kuma ranar da aka ce a tashi ba lallai a tashi ba. Mota a cikin rairayi kuma ba ta shan mai irin na kan titi. Takarda tana cewa kwana kaza, hanya tana cewa wani abu daban, kuma ƙarin kwanakin sai an sake neman sa hannu kafin a lissafa su.

Ɗan_Foroje:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato kuɗin zaman taro da ƙungiyoyi da abokan hulɗa suke biya. A nan ana biya ne nan take, a ranar ƙarshe, mutum ya sa hannu a takardar halarta ya karɓi ambulan ko saƙo ya shigo masa ta waya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata adadin da take fitarwa gari-gari, kowace ƙungiya kuma da nata. Sakamakon shi ne ma'aikaci yana ɗokin taron foroje, wato na ayyukan da ƙungiyoyi suke ɗaukar nauyinsu, yana gudun misiyon gwamnatinsa, ko da na gwamnatin ya fi muhimmanci. Na ga ofishin da shugabansa yake riƙe duk gayyatar da ke da kuɗi a hannu, ya tura na ƙasa da shi wadda sai an dawo ake biya.

Mushe_Keita:
Wannan gaskiya ce, kuma ita ce take haddasa gaba tsakanin abokan aiki fiye da komai. Sai dai kada mu yi nisa, har yanzu ba a amsa wa Ɗan_Adar tambayarsa ta biyu ba. Na ji ana cewa bashin gwamnati yana mutuwa bayan shekara huɗu daga ranar tafiya.

Ɗalibin_Shari'a:
Mushe, shekara huɗun daidai ne, amma ba daga ranar tafiya ake ƙirgawa ba. A ƙa'idojin kuɗin gwamnati na UEMOA na 2009, waɗanda Nijar ta shigar cikin dokokinta, bashin da ba a nemi biyansa ba yana faɗuwa bayan shekara huɗu, ana fara ƙirgawa daga ranar farko ta shekarar da ta biyo bayan wadda haƙƙin ya tabbata. Misali, tafiyar da aka yi a Agustan 2024, ƙirgenta yana farawa 1 ga Janairun 2025, ya ƙare a ƙarshen 2028. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne nema, kuma neman da za a iya tabbatarwa shi ne na rubuce. Yaya Ɗan_Adar, ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ofishinku ta hanyar da aka saba, ka haɗa da kwafin takardar misiyo mai hatimin isa da tashi, da tikitin mota, da rahoton tafiya, ka miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, a buga maka lamba da kwanan wata a kan kwafinka. Tunatarwar baki a bakin masallaci ba ta zama shaida.

Ɗan_Adar:
Na gode ƙwarai, ƙanena, da ku duka. Asalin takardar na miƙa, amma ina da hotonta a waya, gaba da baya. Abin da nake tsoro shi ne kada wasiƙar ta zama kamar na kai ƙarar shugabana, alhali shi ma ya nuna mini cewa yana bin nasa kuɗin.

Hajiya_Yamai:
Ƙanena, wasiƙar neman haƙƙi ba ƙara ba ce, kuma shugaba mai hankali zai so ta, domin da ita zai kafa hujja idan yana neman a ƙaro masa kuɗi. Amma ka fara tambaya ko an taɓa ɗaure kuɗin tafiyar a kasafin shekarar da aka yi ta. Idan an ɗaure, takardarka tana kan layi ne kawai. Idan ba a ɗaure ba har shekara ta rufe, ta koma cikin basussukan baya, kuma sai an nemo mata gurbi a kasafin sabuwar shekara, wanda shi ma an riga an tsara masa nasa tafiye-tafiyen.

Mai_Bincike:
Hoton waya zai taimaka wajen bin sawu, amma kwantabul ba zai biya a kansa ba. Ka tabbatar asalin takardar tana nan, ka san teburin da take kai.

Bagobirin_Ƙonni:
Ni dai shawarata ga masu zuwa ita ce kada kowa ya sake tashi sai an ba shi aƙalla kuɗin mota a hannu.

Tsohon_Kwantabul:
Malam, ka yi hattara da wannan shawara. Ma'aikaci yana ƙarƙashin wajibcin bin umarnin na gaba da shi, kuma ƙin tafiya kai tsaye yana iya jawo masa takardar neman bayani. Abin da ya fi aminci shi ne ya rubuta cewa a shirye yake ya tafi, amma ba shi da halin ɗaukar nauyin tafiyar, yana roƙon a ba shi wani abu kafin tashi. Wannan kuma batu ne da ya dace ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN su riƙa ɗagawa a teburin tattaunawa, a sa wa'adin biya a rubuce, maimakon kowane ma'aikaci ya yi ta fama shi kaɗai.

Bagobirin_Ƙonni:
Baba, na ji, amma wanda ya rubuta irin wannan wasiƙa sau biyu, ba za a sake tura shi ko'ina ba, har da tafiyar da ke da amfani gare shi. Mun ga hakan.

Malamar_Kwantaragi:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina da tambaya ga Baba Kwantabul da Ɗalibin Shari'a. Duk abin da aka faɗa a kan wanda yake da lambar aiki ne. Mu malaman kwantaragi da ake turawa gadin jarrabawa ko karɓar horo a wani gari, a wane rukuni ake lissafa mu, kuma wa'adin shekara huɗun ya shafe mu?

Ɗalibin_Shari'a:
Malama, wa'adin ya shafi duk wanda yake bin gwamnati bashi, ko ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, don haka ke ma ki nemi naki a rubuce. Batun rukuni kuwa ya danganta da abin da aka rubuta a takardar kwantaraginki da takardar da ta kira ki aikin. Ki turo hotonsu bayan kin rufe sunanki da lambobinki, Baba ya duba mana.